A Haɗa Turanci da Sana'a a Aji Ɗaya

Duk wanda ya zaga unguwar Bronx ta birnin New York zai ji Hausa a ƙofar masallaci da shagon aski: ta Zangon Kumasi da Nima, da ta Maraɗi da Damagaram. Cikin masu maganar nan akwai telan da ya tsufa a kan keken ɗinki, akwai makanikin da ke gane ciwon mota daga ƙarar injinta. Amma da yawansu wanke-wanke suke yi a gidajen abinci, ko kai saƙo a kan keke cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Hannunsu ya iya aiki, Turanci ne ya tsare musu hanya.

Tun daga 2022 baƙi fiye da 200,000 suka shigo birnin nan, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma masu yawa. Shawarar da aka saba ba su ita ce su fara koyon Turanci, in ya nuna sai a yi zancen sana'a. Ni ban yarda da wannan tsari ba. Magidancin da kuɗin haya ke jiransa a nan, iyali ke jiran aikensa a gida, ba zai share shekara biyu yana bitar nahawu ba. Mako uku zai yi a aji, ya samu aikin dare, shi ke nan ba za a sake ganinsa ba.

Jihar Washington ta gwada wata hanya mai suna I-BEST tun wajen 2005. Malamai biyu ne a aji ɗaya: ɗaya yana koyar da walda ko kula da majinyata, ɗayan yana koyar da Turancin da aikin ke buƙata. Dokar horar da ma'aikata da Amurka ta kafa a 2014 ma ta amince da irin wannan haɗi. A New York kuwa ƙofofin a fili suke: horon sa'a 40 kan kiyaye haɗari kafin a shiga manyan wuraren gini, da na sa'a 75 ga mai son kula da tsofaffi a gidajensu. Me zai hana darasin harshe ya tafi tare da su?

A ajin sa-kai da nake koyarwa ranar Asabar, wata baiwar Allah mai kula da wata tsohuwa ta ce mini: "Malam, bar ni da sunayen launuka. Koya mini karanta kwalbar magani, da abin da zan faɗa in na kira 911 idan tsohuwar ta faɗi a banɗaki." Da muka koma kan wannan, ba ta sake fashin aji ba. Akwai kuma wani dattijo mahaddacin Alƙur'ani, mai kyan rubutun ajami, da aka taɓa miƙa wa littafin yara mai hoton kyanwa, ya fice cikin ɓacin rai. Wanda ya haddace izu sittin ba jahili ba ne. Da aka ba shi kalmomin aikinsa, ya rubuta su da ajami, ya riga kowa riƙe su.

Wasu za su ce ai tun 2016 aka soke jarrabawar Turanci ga direbobin tasi a birnin, kuma ana cin abinci haka nan. Gaskiya ne. Sai dai wanda bai iya karanta takardar albashinsa ba, ba zai san ranar da aka zaftare masa awanni ba, kuma jarrabawar zama ɗan ƙasa tana nan da Turancinta.

Ɗakunan karatu na birnin suna koyar da manya Turanci kyauta, amma da yawan mutanenmu ba su sani ba, ko lokacin ya ci karo da aikinsu. Don haka ina kira ga limamanmu da shugabannin ƙungiyoyinmu: ku buɗe masallatai da zaurukan taro bayan Isha'i da ƙarshen mako, ku gayyato malaman, ku tanadi mai lura da yara domin mata su samu zuwa. 'Ya'yanmu da suka yi karatu a nan su ba da sa'a biyu a mako. Hukuma kuma ta zuba kuɗi a ajin da ke kai mutum ga takardar shaidar sana'a. Ɗan'uwa baƙo, kada kunya ta hana ka zama a benci, domin gemu ba ya hana ilimi.