Zancen Gado: Mu Shirya Tun Muna Da Rai

Zancenmu na wannan wata a kan gado yake. Mun saba idan an yi rasuwa sai a kira malamai su raba dukiya bisa Shari'a. To, amma banki ba ya sakin kuɗin mamaci don malam ya yi magana. Sai magada sun kawo takardar izinin kula da gado daga kotu.

Ga yadda ake yi. A fara karɓo takardar shaidar mutuwa a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Sannan matar mamacin, ko 'ya'yansa, su kai takardar roƙo da ta rantsuwa Babbar Kotun Tamale, tare da lissafin abin da ya bari. Za a manna sanarwa ta kwana 21, don mai magana ya fito. A 2019 aka ƙaddamar da tsarin e-Justice a Akra, na shigar da takardu ta kwamfuta. Sai dai kwamfuta ba za ta nemo mana takardar fili da muka ɓatar ba.

Abin lura shi ne, wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar PNDC 111 ta 1985 kotu za ta bi, ko da Musulmi ne, kuma rabonta ya bambanta da na Shari'a. Mai son a bi rabon Musulunci, sai ya rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta 1971, ya sa hannu gaban shaidu 2 waɗanda ba magada ba, ya kai kotu ajiya.

Rubuta wasiyya ba ya jawo ajali. Allah ya kiyaye mana marayunmu. Sai wata mai zuwa.