Ƙarfen Sabis da Lissafin Ninki Huɗu

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, dogayen ƙarafan sabis suka yi ta tsirowa a cikin birnin Kano. A nan Madabo ma akwai masu tsoronsu, wai igiyar da ke fita daga cikinsu tana dafa ƙwaƙwalwa. A ganina, duk ɗan aji shida da ya zauna a ajin kimiyya ya kamata ya iya amsa wannan magana da lissafi.

Igiyar rediyo tana tafe da filin lantarki, wanda ake aunawa da bolt a kowace mita. Ƙarfin da take saukewa a jiki kuwa, da wat ake auna shi a kowace murabba'in mita. In filin ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu ke nan. In uku, tara. To, ɗalibai, ku lura: in ka ninka nisanka da eriya sau biyu, filin zai koma rabi, ƙarfin kuma kashi ɗaya cikin huɗu. Sau goma, ɗaya cikin ɗari!

Eriyar tana can sama, tana harba igiyarta gefe, kaɗan ke sauka ƙarƙashinta. Waya kuwa manne take da kunne, kuma in ƙarfen ya yi mata nisa, sai ta ƙara ƙarfin nata harbin don a ji ta. Saboda haka unguwar da ta kori ƙarfen sabis, wayoyin mutanenta ne za su ƙara ihu a kunnuwansu.