Baƙon da Bai Riƙe Muciya Ba, Bai Zo Zuru Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta kama masu shirya bukukuwan gargajiya a ƙasar nan, kuma lokaci ya yi da za a faɗa musu gaskiya. Za a tara jama'a a fili, a kafa rumfuna, a jera kujerun manyan baƙi, a sha kiɗa da rawa da kokawa, a yi ta jawabi a kan raya al'adu. Da rana ta take, sai ga abinci a robobi: soyayyiyar shinkafa, cinyar kaza da lemon kwalba. Mutumin da ya taso daga Abuja ko Legas don ya ga Zuru sai ya ci irin abin da ya baro a gidansa, ya goge baki, ya shige mota. Ya ga rawarmu, ya ɗauki hoto, amma ko ƙanshin miyarmu bai ji ba. Masu shiri kuwa su koma ofis su rubuta rahoto cewa an tallata al'ada.

Mun ce wannan asara ce, kuma rainin kai ne ya haife ta. A tunanin waɗannan mutane, al'ada abin kallo ce daga nesa, yawon buɗe ido kuma otal ne da fili da lasifika. Madafi, inda rabin ilimin kowace al'umma yake ajiye, ba ya cikin lissafinsu, domin wurin hayaƙi ne, wurin mata, wurin da ba a kai babban mutum.

To bari mu leƙa wata ƙasa da ta yi nata lissafin daban. Biyetnam ta fito daga yaƙi a 1975 a ragargaje. Sai a 1986 ta fara sassauta tattalin arzikinta, a 1989 ta fara fitar da shinkafa waje da yawa, Amurka kuma ba ta janye mata takunkumin ciniki ba sai 1994. A 2019 baƙi kusan miliyan 18 suka shiga ƙasar. Cikin abubuwan da suke biyan kuɗi don su yi, har da shiga madafi. A tsohon garin Hoi An, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, darasin girki sana'a ce zaunanniya. Da safe mai koyarwa za ta ja baƙi zuwa kasuwa, ta nuna musu ganyaye da kifi da yadda ake gane mai kyau. Wasu a ɗauke su a kwalekwale a kogin Thu Bon, wasu a kai su lambunan ƙauyen Tra Que su tsinko ganye da hannunsu. Daga nan kowa a ba shi wuƙa da kasko. Zai jiƙa shinkafa, ya ga yadda ake niƙa ta a dutse, ya zuba ƙullun a kan ƙyallen da aka ɗaure a bakin tukunya mai tururi, ya ɗago fallen da siririn itacen gora. Na farko ya yage, na biyu ya manne, a yi dariya, na uku ya fito. Ƙarshe ya zauna ya ci abin da ya dafa.

A duba wanda ya samu a wannan yini guda: mai ganye a kasuwa, mai kifi, mai kwalekwale, manomin lambu, mai koyarwa da yaran da ke taya ta. Ba gwamnati ce ta gina musu wani katafaren zaure ba. Abin da suke yi kullum a gidajensu suka mayar abin koyarwa. Baƙon kuma ya tafi da abin da ba ya ƙarewa a hanya, domin duk ranar da ya dafa wannan abincin a garinsu, sai ya ambaci sunan Hoi An.

Wani zai ce ai nasu abincin ne mai kyau. Mu tambaye shi, da me suke miya? Ginshiƙin girkin Biyetnam wani ruwa ne da suke kira nuoc mam. Ƙananan kifaye ake cusawa a manyan ganguna da gishiri, a bar su watanni suna ruɓa, sannan a tace ruwan. Wanda bai saba ba, da ya shaƙa sai ya kau da kai. Ba su ɓoye shi ba. Sun sa shi a kwalba, sun rubuta sunan tsibirin Phu Quoc a jiki, suna kai baƙi su ga gangunan. Mu kuwa da muke da daddawa, idan baƙo zai zo sai a ce a rage ta a miya kada gida ya yi wari.

Alhali daddawa ilimi ce mai zurfi. A fasa ɗorawa a raba garin da kalwa. A dafa kalwar sa'o'i masu yawa, wani lokaci a kwana ana iza wuta, har ɓawon ya yi laushi. A zuba a turmi a surfa, a kai ruwa a wanke har ɓawon ya rabu, a sake dafawa, a tsane, a juye a kwando ko masaki, a lulluɓe a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku. A cikin wannan lulluɓin ƙwayoyin halitta suke aikinsu, irin dai waɗanda Japanawa ke amfani da su wajen yin natto da waken suya, abincin da suke alfahari da shi. Tsohuwar da ke wannan aiki a Dabai ko Senchi ba ta da ma'aunin zafi. Tafin hannunta da hancinta su ke gaya mata ta yi ko ba ta yi ba. Haka mai man kaɗanya ta san lokacin da mai zai taso ya rabu da ruwa. Haka mai tuwon dawa ta san kaurin talge kafin ta zuba gari, ta san yawan ruwan tokar da zai gyara miya da wanda zai ɓata ta. A Hoi An irin wannan mata malama ce, ana biyanta. A wurinmu ko sunanta ba ya shiga takardar shirin biki.

Abin da ya fi ba da haushi shi ne, bikin Uhola na Lelna, waɗanda aka fi sani da Dakarkari, bikin amfanin gona ne tun asalinsa. Godiya ce bayan an kai dawa rumbu. Al'adar golmo ma, inda saurayi ke shekaru yana noma wa surukansa kafin a ba shi mata, a kan abinci aka gina ta: sai ka nuna za ka iya ciyarwa. Al'ummar da ta ɗora aurenta da babban bikinta a kan hatsi, yaya za a nuna ta ga duniya a tsallake tukunya? Haka abin yake a Argungu. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, UNESCO ta karɓe shi a 2016. Ana auna ƙaton kifi, a tafa, a ba da kyauta. Baƙi nawa ne aka taɓa zaunar da su aka koya musu yadda Kabawa ke banda kifi ko yadda suke miyarsa? Jihar Kebbi ta yi suna da shinkafa, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a 2015, amma hirar kullum a kan buhu take tsayawa. Masa da sinasir da tuwon shinkafa da nakiya, wato inda shinkafar ke zama tamu, ba a ganin su a matsayin dukiya.

Wasu ƙasashen Afirka sun farga. Malawi ta sa tuwon masararta, nsima, a jerin al'adun duniya na UNESCO a 2017. Senegal ta sa dafa-dukanta na shinkafa da kifi a 2021. Kwaddibuwa ta sa attieke, wanda ake yi da rogo, a 2024. Tuwon masara fa, jama'a, irin wanda wasu 'yan bokonmu ke jin nauyin ci a gaban abokan aiki.

Maganar ba ta kuɗin baƙi kaɗai ba ce, kuma ba mai jira ba ce. Ilimin nan yana hannun mata masu shekaru, sarƙar da ke miƙa shi kuma tana tsinkewa. Dunƙulen Maggi ya shiga kowace tukunya, taliyar Indomie ta zama abincin da yaro ya fara iya dafawa, injin niƙa ya kori dutse. Ba mu ƙi sauƙi ba, wadda ta yini tana surfe ta san darajar inji. Amma ana sare ɗorawa da kaɗanya ana gawayi, 'yan bindiga kuma sun tayar da ƙauyuka a Danko-Wasagu da Sakaba. Matar da ta gudo gari ta bar bishiyarta da turminta da rumbunta, 'yarta kuma za ta tashi ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba. A sana'armu ta rubuta manhaja, babu abin da ake tsoro kamar aikin da mutum ɗaya tak ya san kansa, domin ranar da ya tafi, aikin ya tafi. Girkinmu da yawa a wannan hali yake yau.

Kada kuma abokan sana'armu su ce a ɗauki bidiyo a zuba a YouTube da TikTok, shi ke nan an adana. A ɗauka, yana da amfani, musamman idan an kama sunayen abinci da na kayan aiki da C'lela da sauran harsunan masarautar. Sai dai waya ba ta ɗaukar nauyin muciya idan tuwo ya fara kama jiki, ba ta ɗaukar ƙanshin da ke nuna daddawa ta nuna. Wanda ya kalli tuƙin tuwo sau ɗari, ranar da ya kama muciya gudaji zai yi. Sai an tsaya a kansa, an ce sassauta wuta, ƙara gari, juya ta nan. Abin da mutanen Hoi An suka gane ke nan: ana iya samun bayanin girki kyauta a intanet, amma hannun malama sai an zo.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba za mu kauce mata ba. Za a ce wane baƙo ne zai zo ƙasar da aka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri a 2021, aka sake kwashe 'yan mata a Maga a 2025? Gaskiya ne, Bature ba zai zo gobe ba, kuma duk wanda ya yi alkawarin haka yaudara yake. Amma wa ya ce baƙo sai Bature? Zuru gari ne na sojoji, 'ya'yanta sun tashi a barikokin Kaduna da Jos da Legas, suna dawowa da Kirsimeti da Sallah da Uhola, da yawansu ba su iya miyar kakarsu ba kuma abin yana damunsu. Ga masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa duk shekara. Ga ɗalibai da malaman Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, daga sassan ƙasa daban-daban. Ga amaren da aka auro daga wasu garuruwa. Waɗannan suna cikin gari yanzu haka, ba sa bukatar biza ko rakiyar soja. Wanda ya ce a jira tsaro ya dawo kafin a fara, ya manta cewa tsofaffin ba za su jira ba.

Za a kuma ce ba a sayar wa baƙo abinci a al'adarmu. Haka ne, kuma kada a fara. Tuwon baƙo kyauta ne har gobe. Abin da za a biya shi ne koyarwa, kamar yadda ake biyan tela ko makaniki idan aka kai masa yaro. Me ya sa ilimin namiji a bakin titi yake da farashi, na mace a tsakar gida kuma ya zama aikin banza? Wasu za su ce gidajenmu ba a shiga. Wannan mai sauƙi ne: mata su koya wa mata a cikin gida, wanda ake so a haɗa da maza a yi shi a harabar makaranta ko zauren taro. Zuru gari ne da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya, ba yau aka fara sanin yadda ake kiyaye abin da kowa ke ci da abin da ba ya ci ba.

Haɗarin da muke gani na gaske ɗaya ne, kuma daga masu babbar riga zai fito. Da zarar an ga abin yana kawo kuɗi, za a kafa kwamiti, a ba ɗan kwangila, a sa 'yan mata anko su riƙe taɓarya a gaban kyamara, tsohuwar da ta iya aikin kuma a sallame ta da kuɗin mota. Idan haka za a yi, gara a bari. Sharaɗin shi ne kuɗin ya shiga hannun mai koyarwa kai tsaye, a kira ta da sunanta, a dafa abin da ake ci a gida yadda ake cin sa, da daddawarsa da tokarsa.

Ga abin da muke nema, kuma babu wanda ya fi ƙarfin aljihun kowa. Masu shirya Uhola su ware rumfa da yini guda na girki, inda baƙo zai je kasuwa da malama, ya dawo ya surfa, ya tankaɗe, ya tuƙa, ya ci. A teburin manyan baƙi a kawo tuwon dawa da miyar kuka ko ta karkashi, a akushi ko a ƙwarya, kowa ya wanke hannu. Jami'ar Aikin Gona ta gayyato masu daddawa da masu man kaɗanya su koyar da ɗalibai, a biya su kamar kowane malamin da aka gayyato. Ƙungiyoyin mata na masallatai da majami'u su buɗe ajin Asabar. Masarauta da ƙananan hukumomi su tsaya kan masu sare ɗorawa da kaɗanya, domin babu kalwa, babu darasi. Mu masu kwamfuta kuma aikinmu ƙarami ne: mu haɗa mai son koyo da mai koyarwa, mu tabbatar kuɗin ya isa gare ta, mu kauce.

Dawa na shiga rumbu kowace shekara, kuma masu shirin biki za su sake zama su rubuta kasafi. Muna so mu ga layin da aka rubuta itacen girki, kalwa, garin dawa da ladan malamai mata. Idan babu shi, to a daina ce mana ana raya al'ada.