Ƙwayar ƙuduji a cikin ƙasa: yadda za ka fahimci sakamakon awo

Manomi, ko kana Birnin Ƙwanni, ko Malbaza, ko Illela, ka san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Yana kama saiwar hatsi da dawa, ya tsotse su tun kafin ya fito fili. Tushe guda na iya zubar da ƙwaya dubu 50 ko fiye. Ƙwayar ƙanana ce kamar ƙura, kuma tana iya wuce shekara 10 a ƙasa da ranta.

Shi ya sa masu bincike ke ɗibar ƙasar gona don su ƙidaya ƙwayar da ke ciki. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da tasha a Ƙwanni.

Yaya ake raba ƙwaya da ƙasa?

Ana wanke ƙasar a rariya mai ƙananan idanu. Daga nan a zuba abin da ya rage cikin ruwan sukari mai kauri, ko ruwan wani gishiri dangin ruwan toka. Yashi ya nutse, ƙwaya ta taso sama.

Ina matsalar take?

Gishirin yana da kaifi. In ƙwayar wasu ciyayi ta daɗe a ciki, ko ba a ɗauraye ta da kyau ba, tana iya raunana ko ta mutu. Sai a ce matacciya ce, alhali da ranta ta baro gona.

Kuma ƙwayar ƙuduji ba ta tsira sai ta yi kwanaki cikin laima da ɗumi, sannan ta ji ruwan da saiwar hatsi ko dawa ke fitarwa. Rashin tsira ba mutuwa ba ne. Don haka ake gwada ta da wani magani mai mayar da rayayyar ƙwaya ja.

Me ya kamata ka yi?

In malamin gona ya kawo maka sakamako, tambaye shi: ƙwaya nawa aka samu, kuma ta yaya aka gane mai rai? Ko an ce kaɗan ce ta tsira, kada ka saki jiki. Ka tuge ƙuduji kafin furensa ya zama ƙwaya, ka ƙone shi. Ka zuba taki. Ka riƙa sauya shuka da gyaɗa. Ƙwayar da ka hana zuba bana, ita ce ba za ta ci hatsin ƴaƴanka ba.