Bilicin ya bar fata ya koma kan haƙora

Budurwa ta matse lemun tsami a cikin murfin kwalba, ta barbaɗa garin soda, abin ya taso da kumfa, ta dangwala buroshi ta yi ta dirza. Bayan ƙiftawar ido sai ga ta tana murmushi da haƙora fari fat kamar audugar da aka gurza. Irin wannan bidiyo ya cika TikTok da Instagram, kuma a ƙarƙashinsa akwai mai sayar da garin gawayi a ɗan gwangwani, ko ruwan shafawa da wata fitila mai shuɗin haske da ake cusawa a baki. Maganar da ake yaɗawa iri ɗaya ce: farin haƙori shi ne lafiyayyen haƙori, kuma abin da aka haɗa a gida ba ya cutarwa. Duka biyun ba gaskiya ba ne.

Haƙori yana da ɓawo mai tauri a waje, wanda babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin mutum. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai launin rawaya-rawaya, kuma shi ne yake ba haƙori launinsa na asali. Don haka haƙorin da ya ɗan yi ruwan madara ba ciwo ne da shi ba. Fata takan yi tsiro idan ta ƙuje, ƙashi yakan haɗe idan ya karye, amma ɓawon haƙori idan ya zaizaye ba ya sake fitowa.

A nan lemun tsami yake ɓarnarsa. A ma'aunin tsami na pH, ɓawon yakan fara narkewa idan aka sauka ƙasa da 5.5, shi kuwa ruwan lemun tsami yana wajen 2. Mai dirza shi a baki yana laushe ɓawon ne sannan ya kankare shi da buroshi. Kwana biyu zai ga haske, domin dattin goro da shayi ya tafi. Bayan watanni, ɓawon ya yi siriri, rawayar ciki ta ƙara bayyana, sai ya ɗauka maganin ne ya yi kaɗan, ya ƙara dirza. Ranar da ya kurɓi ruwan sanyi ya ji zogi ya harba masa har ƙwaƙwalwa, aikin gama ya riga ya gama.

Masu gawayi sukan kafa hujja da cewa kakanni sun yi amfani da shi. Kakannin nan kuwa, matansu da furen taba da goro suke rina haƙora su yi ja, a lokacin shi ne ado, babu wanda yake neman fari irin na farantin tangaran. A 2017 mujallar ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta bi diddigin binciken da aka yi kan man goge baki mai gawayi, ba ta sami isasshiyar hujjar da ke tabbatar da amfaninsa ko amincinsa ba. Yawancin waɗanda aka duba ma babu sinadarin fuloraid a cikinsu, wanda shi ne yake kare haƙori daga ruɓewa.

Akwai sinadarin da yake haskaka haƙori da gaske, wato haidurojin feroksaid, kuma likitoci suna aiki da shi. Sai dai a ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya doka ta hana a sayar wa mutum kai tsaye abin da ya wuce kashi 0.1 cikin 100 na wannan sinadari. Daga nan zuwa kashi 6 sai ta hannun likitan haƙori, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba. A 2021 ƙungiyar kare masu sayen kaya ta Which? a Birtaniya ta sayi irin waɗannan kaya 36 ta intanet ta gwada, 21 suka zarce ƙa'ida, mafi muninsu ya ninka ta fiye da sau 300. Idan haka ta faru a inda ake sa ido, me ake zato game da kwalbar da ta iso Kano ko Kaduna ba lambar NAFDAC, ba bayanin abin da ke ciki? Irin wannan ƙarfi yana ƙona dasashi har ya yi fari ya saɓule.

Abin da mai talla ba ya faɗa shi ne, tabo iri-iri ne. Na goro da taba da shayi a saman haƙori yake, wankin asibiti yana fitar da shi. A wurare irin su Langtang a Filato, Kaltungo a Gombe da Tibiri kusa da Maraɗi, ruwan sha mai yawan fuloraid ya bar wa mutane tabo ruwan ƙasa tun haƙoransu suna tsirowa. Haka ma yaron da aka ba maganin tetarasaikilin yana ƙarami. Wannan launi a cikin haƙorin yake, ko an ƙarar da buhun gawayi ba zai goge ba. Haƙori guda da ya yi duhu shi kaɗai kuwa, sau da yawa jijiyarsa ce ta mutu, magani yake nema. Wanda aka yi wa ciko ko aka sa masa haƙorin roba, sinadarin ba ya canza musu launi, sai baki ya koma dabbare-dabbare.

Amaryar da ake shirya wa biki, da saurayin da yake rufe baki da hannu idan zai yi dariya, bukatarsu ba abin raini ba ce. Abin takaicin shi ne yadda ake cin kasuwa da kunyarsu. Kuɗin da za su zuba a gwangwani da fitila, da sun kai shi sashen haƙori na asibiti, da an duba musu ko akwai kogo ko ciwon dasashi, an kankare dattin da ya kafe, an gaya musu ko tabon nasu mai fita ne. Hukumar NAFDAC kuma, wadda ta daɗe tana gargaɗi kan man bilicin, ya kamata ta bi waɗannan kwalabe har shafukan da ake tallarsu, ta tambayi masu sayarwa kashi nawa ne na sinadarin a ciki.