Kowace Ƙungiya Ta Koyi Share Distributa

'Yan'uwa manoma, akwai ƙungiyoyinmu da har yanzu suke dogara ga tsohuwar akori-kura, Peugeot 404 ko 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan an buɗe masana'antarsu a 1975. Ita ke kai taki, ita ke kai tumatir kasuwa. Ran da ta ƙi tashi, kaya a jibge, makaniki yana can gari, hasara ta kowa ce. Sau da yawa kuwa ciwon ba babba ba ne, datti ne a cikin distributa. Ra'ayina shi ne, kowace ƙungiya mai irin wannan mota ta zaɓi mutum biyu, ban da direba, su koyi cire ta da share ta.

Aikinta ba wuyar ganewa. Kwil yana ɗaga wutar batir ta yi ƙarfi ƙwarai. Kwantak yana buɗewa yana rufewa domin wutar ta fita a kan kari. Rota kuma tana juyawa tana raba ta ga fulogogi huɗu bi da bi, watau 1, 3, 4, 2. In ƙurar hunturu ta shiga, ko laimar damina ta kwanta cikin murfi, wuta sai ta ɓata hanya. Mota ta yi ta gardama da safe, ta riƙa shan mai.

Wasu dattawa za su ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, a bar wa makaniki aikinsa. Suna da hujja, gama wanda ya zare distributa da ka, ya mayar da ita da ka, ya ɓata taimin, motar ba za ta tashi ba. Amma maganin wannan alama ce. A cire wayar batir tukuna. A ɗaura wa kowace wayar fulogi lambarta. A buɗe murfi, a ja layi inda bakin rota yake kallo, a ja wani daga jikin distributa zuwa jikin inji. Sa'an nan a cire ƙaramar wayar kwil da siririn tiyo, a kwance noti, a zaro ta. A toshe ramin da tsumma mai tsabta. Kada kowa ya juya inji ko ya tura motar da giya sai an mayar da ita.

Sharar kanta ba ta cin kuɗi. A goge murfi ciki da waje da busasshen ƙyalle, a duba ko ya tsage. In ya tsage, sai sabo. A kankare bakin rota a hankali. A goge fuskar kwantak da samfefa mai laushi, a daidaita tsakaninsa milimita 0.4 sa'ad da ya buɗe sarai. Ɗigo ɗaya na baƙin mai a ƙarƙashin rota ya isa, da ɗan giris kamar ƙwayar gero inda ƙafar kwantak take gogawa. In ya yi yawa zai taɓa kwantak ya hana wuta. Wajen mayarwa, lalle layukan nan biyu su koma daidai kafin a ɗaure noti.

Ban ce mu rabu da makaniki ba. In sandar tsakiya tana girgiɗi, ko inji yana ƙwanƙwasa bayan an mayar, nasa ne. Shi ne ma ya kamata a biya ya koya wa mutum biyun nan, yini ɗaya, a kan motar ƙungiya. Sa'an nan ma'aji ya sayi kwantak, kwandensa da rota a ajiye cikin gwangwani tare da sifana da abin awo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ina roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin taro mai zuwa, a yi koyon tun kafin kaka.