Hip-hop: Hayaniya Ce Ko Kuka?

A hutun da ya wuce, ina zaune a zaure ina sauraron wata waƙar hip-hop a wayar yayana, sai Baba ya shigo. Ya ɗan saurara, ya tambaye ni, "Kai, me wannan mutumin yake faɗa?" Na yi tsit, don kuwa ban sani ba. Ya ce, "Ashe kaɗa kai kake yi ga abin da ba ka ji." Kunya ta rufe ni. Da aka koma makaranta sai na shiga bincike, abin da na samu kuwa shi nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. An soke bauta a Amurka tun 1865, amma sai a 1964 aka yi dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a da wajen ɗaukar aiki. Masu fafutuka kuwa sun biya da rayukansu: an harbe Malcolm X a 1965, an harbe Martin Luther King a 1968. Doka ta sake, amma talauci bai gusa daga unguwannin baƙaƙen fata ba. A unguwar Bronx ta birnin Niyok an ratsa da wata ƙatuwar hanyar mota, aka tashi dubban mutane daga gidajensu. Masu hali suka ƙaura, har wasu masu gidajen haya suka riƙa cinna wa gidajensu wuta don su karɓi kuɗin inshora.

A cikin wannan hali ne, ran 11 ga Agusta 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya wasa a gidan hayar da suke zaune, don ta sami kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. Yayanta, haifaffen Jamaika, wanda ake kira DJ Kool Herc, shi ya sa kiɗa. Dabararsa ita ce ya ɗora faifai biyu iri ɗaya, ya riƙa maimaita wurin da ganga kaɗai ke tashi. Daga baya samari suka riƙa zuba magana mai amsa-amo a kan kiɗan. Wannan rana ake ɗauka a matsayin mafarin hip-hop. Watau ɗalibai irinmu ne suka fara shi.

Da fari nishaɗi ne kawai, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1982 Grandmaster Flash da abokansa suka fitar da waƙar "The Message", wadda ta bayyana ƙunci da rashin aikin yi na unguwanninsu. A 1988 ƙungiyar N.W.A. ta yi waƙa a kan cin zalin da 'yan sanda ke yi wa baƙaƙe, har wani jami'in hukumar FBI ya rubuta wa kamfaninsu takardar nuna rashin jin daɗi. Mutane da yawa suka ce sharri ne kurum na 'yan iska. Sai ga shi a 1991 an ɗauki hoton 'yan sandan Los Angeles suna jibgar wani baƙar fata, Rodney King. Da kotu ta sallame su a 1992, tarzoma ta ɓarke, fiye da mutum 50 suka mutu. Ashe mawaƙan sun faɗa, ba a saurara ba ne.

Har ila yau, a 2015 matasa masu zanga-zanga sun riƙa rera waƙar Kendrick Lamar mai suna "Alright" a kan tituna, shi kuma a 2018 ya sami lambar yabo ta Pulitzer. A 2020 wani ɗan sanda a Minneapolis ya danne wuyan George Floyd da gwiwa fiye da minti 9 har ya cika. Wannan karon kotu ta sami ɗan sandan da laifin kisa a 2021.

To, ba na cewa duk abin da ke cikin hip-hop alheri ne. Akwai ashar, akwai wulaƙanta mata, akwai alfahari da bindiga da ƙwaya. Tupac Shakur, wanda uwarsa 'yar ƙungiyar fafutuka ta Black Panther ce, ya yi waƙoƙi masu ratsa zuciya a kan wahalar uwaye mata, amma harsashi ne ajalinsa a 1996, yana da shekara 25. In iyayenmu sun ji tsoro, suna da hujja.

Ra'ayina dai shi ne, mu duka biyu muna da gyara. Mu ɗalibai mun ɗauki ɓawo mun yar da ƙwaya. Mun iya sassauto da wando da tafiyar taƙama, amma a tambaye mu wane ne Malcolm X sai mu yi ta susar ƙeya. Su kuma iyayenmu, ina roƙonsu cikin ladabi, kada su yi wa abin kuɗin goro. Ai kakanninmu ma da waƙa irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin suka farkar da su game da mulki da 'yancin talaka.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kaɗa kai, nemi ma'anar abin da ake faɗa. In kukan wanda aka zalunta ne, saurara ka ƙaru. In batsa ce, kashe ta, ko da kiɗan ya kai me daɗi. Ni dai na koma na ba Baba amsar tambayarsa. Bai ce yana son kiɗan ba har yanzu, amma ya saurare ni har ƙarshe. Allah ya sa mu gane, amin.